In An Sauke Akori-Kura, Farfela Ke Biyan Bashi

A wuraren baje kolin motoci na Kalifoniya da Texas ba a rasa akori-kurar Chevrolet, ko C10 ta shekarun 1970 ko ƙanwarta C1500 da aka ƙera daga 1988 zuwa 1998, an sauke ta har cikinta na neman shafar kwalta, tayoyi sun shige cikin bodi kamar kunkuru ya janye ƙafafu. Masu kallo fenti suke dubawa da ƙyallin wili, da wuya ka ga wanda ya durƙusa ya leƙa ƙasa. Sai a hanyar komawa gida, allura ta kai kilomita 80 ko 100, mai motar ya ji wani gurnani yana tasowa daga ƙarƙashin kujera, madubin ciki ya kama rawa har motar da ke biye da shi ta zama biyu. Ya kai a yi wa tayoyi balansin, gurnani na nan. Ya sake shokozoba, yana nan. An bar jaki ana dukan taiki, domin ciwon yana jikin farfela, doguwar sandar ƙarfen nan da ke ɗauko ƙarfin inji daga giyabos ta kai shi aksul na baya. A ganina sauke mota shi kaɗai bai isa ya kashe farfela ba. Abin da ke kashe ta shi ne a sauke ba a auna ba, ko kuma a auna ƙarfe ɗaya a manta cewa kusurwar da ake magana a kai dangantaka ce tsakanin ƙarafa uku.

Al'adar ta daɗe. Amurkawa 'yan asalin Meksiko a Los Angeles ne suka yi suna da ita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har jihar Kalifoniya ta kafa doka a ƙarshen shekarun 1950 da ta hana wani sashe na mota ya yi ƙasa da bakin wili, dokar da sai a Oktoban 2023 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu aka soke ta. A Tailan ma matasa na sauke Isuzu D-Max suna tsere da ita. Gaban mota ba ya shafar zancenmu sosai. A baya ake yin ta, kuma hanyoyin sanannu ne: in aksul yana zaune a kan sifirin mai falle-falle, sai a cusa tubalin ƙarfe a tsakaninsu, in a ƙarƙashin sifirin yake, kamar a C1500, sai a ɗauke shi a mayar sama, wanda kan sauke motar wajen inci 6, ko kuma a sauya ɗan ƙarfen da ke rataye ƙarshen sifirin na baya da wani mai tsawo, a samu inci 1 ko 2. Da yawa sai an yanke ɗan gurbi a shasi don kada aksul ya riƙa dukansa. Duk wadda aka bi, sakamakon ɗaya ne: aksul ya matso kusa da shasi, alhali inji da giyabos suna ɗaure a inda kamfani ya ɗaure su.

A kowane ƙarshen farfela akwai wani ƙarfe mai hannu huɗu kamar alamar tarawa, wanda makanikai ke kira kuros. Kowane hannu yana cikin ɗan kofi cike da ƙananan allurai na ƙarfe da giris, gwafa biyu kuma suna riƙe da shi, ɗaya daga nan ɗaya daga can. Shi ne ke ba farfela damar juyawa ko da ba ta miƙe da giyabos ba, shi ne kuma ke barin aksul ya yi sama da ƙasa a kan gargada. Turawa suna laƙaba masa sunan Gerolamo Cardano, masanin Italiya na ƙarni na 16, ko na Robert Hooke na Ingila, Clarence Spicer kuma ya yi rajistar irin wanda ya dace da mota a 1903 ya fara ƙera shi a New Jersey a 1904. A cikinsu Hooke ne ya fi amfanar da mu a nan, don shi ne wajen shekarun 1670 ya nuna wani hali da kuros yake da shi wanda ido ba ya gani: muddin a karkace yake aiki, ba ya miƙa juyi daidai yadda ya karɓe shi. Giyabos yana juyawa da sauri guda, amma farfelar sai ta ɗan yi gaba, ta ɗan ja baya, ta sake yin gaba, ta sake ja baya, sau biyu ke nan a kowane juyi ɗaya.

Lissafin ba ɓoyayye ba ne. A ce giyabos yana juyi 3,000 a minti. In karkatar kuros digiri 3 ce, saurin farfela zai riƙa kai-komo tsakanin 2,996 da 3,004, abin da ba wanda zai ji. In ta kai digiri 10, sai ya koma tsakanin 2,954 da 3,046. Abin lura shi ne fizgar ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da kusurwa: in aka ninka kusurwa sau biyu, fizgar kan ninku kusan sau huɗu, haka ma in aka ninka sauri. Kada kuma a ɗauka juyi 3,000 na masu tsere ne. Akori-kura mai taya inci 28, wadda farfelarta ke juyi 3.73 kafin taya ta yi ɗaya, tana gudun kilomita 100 a sa'a, farfelarta na juyi kusan 2,800 a minti. Fizga 5,600 ke nan a minti, sama da 90 a daƙiƙa guda. Taya kuwa a wannan gudun juyi 12 kawai take yi a daƙiƙa. Shi ya sa jijjigar taya takan zo da girgiza wadda mutum ke iya ƙirgawa a sitiyari ko a kujera, ta farfela kuma takan zo kamar kukan zuma a cikin tulu, ta ƙaru in an taka totur, ta lafa in an ɗaga ƙafa.

Dabarar da masu ƙera mota suka daɗe da ita ita ce su sa kuros na biyu ya warware abin da na farko ya ƙulla. In na gaba ya sa farfela ta yi sauri a daidai lokacin da na baya ke rage wa finiyon sauri da gwargwado guda, sai juyi ya isa aksul sumul. Finiyon shi ne ƙaramin ƙarfe mai haƙora da ke leƙowa daga cikin tulun aksul, wanda farfela ke ɗaure da hancinsa. Wannan warwarar tana da sharaɗi. Gwafar gaba da ta baya a jikin farfela su kalli wuri guda, karkatar kuros na gaba da na baya kuma su zo ɗaya. Kamfanin Dana, magajin Spicer, yana koyar da cewa kada bambancinsu ya wuce digiri 1, kada kuma kowannensu ya wuce digiri 3 in ana son kuros ya yi ƙarko. Hanya mafi sauƙi ta cim ma wannan ita ce wutsiyar giyabos da hancin finiyon su zama kamar layuka biyu na dogo, suna tafiya tare ba su haɗuwa: in giyabos ya sunkuya baya da digiri 3, finiyon ya ɗaga hanci gaba da digiri 3, farfela ta ratsa tsakaninsu.

Bari mu buga misali da alƙaluma masu sauƙi. Giyabos ya sunkuya baya digiri 3, farfela mai tsawon inci 60 ta gangara baya digiri 5, finiyon ya ɗaga hanci digiri 3. Kuros na gaba yana aiki a digiri 2, na baya ma digiri 2, kowa lafiya. Sai aka sauke bayan motar inci 6. Ƙarshen farfela na baya ya hau da inci 6 in an kwatanta da shasi, wanda a tsawon inci 60 ya kai digiri 5.7. Farfelar da da take gangarawa yanzu hawa take yi da digiri 0.7, kuros na gaba ya koma 3.7. Da finiyon ya tsaya yadda yake, da na baya ma 3.7 ne, da sun ci gaba da warware wa juna ko da sun ɗan haura ƙa'ida. To amma a ce inci 2 daga cikin shidan nan da dogon ƙarfen rataye aka samo su. Kafin tsakiyar sifirin ta hau inci 2 sai ƙarshensa na baya ya hau wajen inci 4, kuma a sifirin mai tsawon inci 60 wannan ya karkatar da shi kusan digiri 4, aksul ya bi shi, hancin finiyon ya sunkuya. Daga ɗagawar digiri 3 ya koma sunkuyon digiri 1. Kuros na baya yanzu yana aiki a 0.3, na gaba a 3.7. Duk wanda ya kwanta ƙarƙashin motar zai ga farfela da finiyon sun miƙe sambal kamar an ja zare, ya ce aiki ya yi kyau, alhali fizgar kuros na gaba ta wuce kai tsaye zuwa haƙoran aksul ba mai tare ta.

Nan ne wani zai ce, to a miƙar da komai mana, giyabos da farfela da finiyon su hau layi ɗaya, babu kusurwa babu fizga. A kan takarda gaskiyarsa. A cikin kofin kuros kuwa labarin daban ne. Alluran nan an yi su ne su riƙa mirginawa kaɗan-kaɗan a kowane juyi, mirginawar ce ke zagaya da giris ta kuma raba nauyi. In kuros ya miƙe ɗoɗar, alluran sai su tsaya cik wuri guda, nauyin inji ya riƙa danna su a kan layi ɗaya har su sassaƙa ƙananan kwaruruka a hannun kuros. Wanda ya taɓa zare kofin irin wannan kuros ya ga hannun ya yi tsaga-tsaga a jere kamar zanen bille, giris ya bushe ya koma jar ƙura. Don haka ne ake son ko yaya a bar masa karkata ta rabin digiri zuwa digiri 1. Ban da haka ma, aksul ba ya zama wuri guda. Miƙewar da aka samu a gareji tana ɓacewa da zarar mutum biyu sun shiga gaba, ko an cika tanki.

Kuskuren da ya fi wannan yaɗuwa shi ne na aron lamba. Sai ka ji an ce “a sa finiyon digiri 3 ƙasa”, kamar dai wani ma'auni ne da ya hau kowace mota. Ƙasa da me? Wani yana auna shi da daɓen gareji, wani da farfela, wani da giyabos, kowannensu kuma digiri 3 yake faɗa alhali saiti uku ne mabambanta. Daɓe ba ya cikin lissafi ko kaɗan, domin in aka ajiye motar a kan gangara duk lambobin ukun za su sauya tare, bambancin da ke tsakaninsu ne ba ya sauyawa, shi ne kuma kuros ya sani. Sai dai maganar sunkuyar da finiyon tana da tushe, bai kamata a yi watsi da ita ba. In aka taka totur, tayoyi suna tura ƙasa baya, tulun aksul kuma yana ƙoƙarin juyawa akasin haka, hancin finiyon ya ɗaga sama. Sifirin mai falle-falle ne ke riƙe shi, shi kuwa yana lanƙwashewa, tubalin saukewa mai tsayi kuma yana ƙara wa aksul dogon hannun murɗa shi. Masu tseren gajeren zango da ke sakar wa sifirin ɗaruruwan dawakai lokaci guda sukan sunkuyar da finiyon digiri 5 ko fiye, don a cikin daƙiƙun tsere ya ɗago ya daidaita. Mai zuwa aiki da motarsa kullum in ya ari wannan lambar, zai yi tafiyar sa'o'i a babbar hanya da kusurwoyin da ba su taɓa haɗuwa. Kayan aro ba ya rufe katara. Digiri 1 ko 2 ƙasa da layin giyabos ya wadaci motar titi mai irin wannan sifirin, mota mai sandunan riƙe aksul guda huɗu kuwa ko hakan ba ta cika buƙata ba, don nata aksul ɗin ba ya murɗewa sosai.

Awon kansa bai kai wahalar canjin birki ba. Motar ta tsaya a kan tayoyinta da nauyinta na kullum, a bisa rami ko a kan abin ɗaga mota da ake hawa da taya. In aka ɗaga ta ta shasi aksul ya yi reto, duk abin da aka auna ƙarya ne. Ana ɗora ɗan ma'aunin kusurwa mai maganaɗisu, ko ma wayar hannu, tunda kamfanin giyabos na Tremec yana da manhajar da ke yin wannan lissafi, a wuri uku: wani shafaffen ƙarfe da ya yi daidai da layin giyabos, tsakiyar bututun farfela, da gwafar finiyon. A rubuta kowace lamba da inda ta karkata, a kuma tsaya a gefe guda na motar har a gama, don yawancin ruɗani daga nan yake fitowa. In biyu sun karkata wuri guda a ɗebe, in sun saɓa a tara. A misalinmu na ɗazu, gyaran ba ya buƙatar walda. A sa ɗan ƙarfe mai kaurin rabin inci a ƙarƙashin mazaunin giyabos, sunkuyonsa ya ragu zuwa wajen digiri 2, gaban farfela ya ɗan hau, kuros na gaba ya sauko kusan 2.2. Sannan a cusa ɗan weji na digiri 2 tsakanin sifirin da mazaunin aksul, finiyon ya ɗaga hanci digiri 1, kuros na baya ya zama wajen 1.2 a tsaye, in an taka totur ya hau ya tarar da ɗan'uwansa. In aksul yana saman sifirin, gefen weji mai kauri gaba yake kallo in ɗaga hanci ake so. In yana ƙasa, akasin haka. Wejin ƙarfe ya fi na alminiyom, wanda kan tsage, kuma dole kan kusar tsakiyar sifirin ya zarce wejin ya shiga raminsa a mazaunin aksul, in ba haka ba aksul na iya gocewa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajen masu ganin duk wannan ƙaƙale ne ita ce ta lodi. Akori-kura ai don kaya aka yi ta, in aka loda mata buhuna bayanta kan sauka inci da yawa, ba a kuma ji farfela ta yi ƙorafi ba. Haka ne, amma saukar lodi da saukar ado ba ɗaya ba ce. In kaya suka danne mota, sifirin yana miƙewa ne daga tsakiya, aksul ya hau kusan a tsaye, finiyon bai cika sauya inda yake kallo ba, don haka kusurwoyin biyu suna sauyawa tare, kamfani kuma ya yi lissafin wannan zangon tun a ƙira. Motar da aka sauke kuwa ta fara ne daga inda lissafin kamfani ya ƙare, kuma a nan za ta zauna dare da rana da gudun babbar hanya. Wannan batu bai tsaya a Amurka ba. Hilux da tsofaffin Peugeot 504 da ke jigilar hatsi a kasuwanninmu akan ƙara musu falle biyu ko uku a sifirin don su ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu, in sun sauke kaya bayansu ya ɗage sama, farfela ta yi tsayuwar da ba a ƙera ta da ita ba. Direban da ke canja kuros kowane 'yan watanni yana zagin kayan jabu, mai yiwuwa ne kayan jabun ne, mai yiwuwa kuma kusurwa ce. Akwai ma kuskuren da ya fi wannan sauƙin aukuwa: a zare farfela mai shiga cikin juna, a mayar da ita haƙori ɗaya ko biyu a goce, gwafar gaba da ta baya su daina kallon wuri guda. Ɗan layin fenti ko alli kafin a zare ya isa ya hana wannan.

Wasu kuma sukan ce a huta da lissafi a sa mahaɗin da ba ya fizga, irin wanda Alfred Rzeppa, injiniyan Ford, ya ƙirƙiro a shekarun 1920, ko kuros biyu manne da juna da ake gani a motocin da aka ɗaga sama. Yana magani, amma yana zuwa da nasa sharaɗin. In kuros biyun nan suna gaba, sun riga sun warware wa juna, saura guda ɗaya a baya ba shi da abokin warwara, don haka dole a juya finiyon ya kalli wutsiyar giyabos kusan kai tsaye. Wanda ya sa shi ya bar finiyon a tsohon saiti ya yi gyaran gangar Abzinawa da tsadar kuɗi. Dogayen akori-kura masu farfela biyu da boris a tsakiya su ma nasu lissafin daban ne, kuros uku ne, kuma sau da yawa karkarwar da suke yi a lokacin tashi, kafin a kai kilomita 30 ko 40, tana tafiya ne in an ɗaga boris ɗin tsakiyar ya bi aksul zuwa inda ya koma.

Akwai wani awo da ba na digiri ba ne, wanda mantawa da shi ya fi tsada. Farfelar da ke gangare in ta kwanta sai ta zama kamar ta ƙara tsawo, ta tura gwafar gabanta cikin wutsiyar giyabos. Gwafar nan an yi ta ne ta riƙa zamewa ciki da waje, ana kuma son a bar mata wajen inci ɗaya na shiga in mota tana tsaye. In saukewa ta cinye wannan sarari, rami na farko da aka faɗa farfela za ta daki cikin giyabos kamar taɓarya, abin da kan fasa wutsiyarsa ko ya lalata boris ɗin ciki, maganinsa kuma shi ne a kai farfelar a rage mata tsawo a sake yi mata balansin. Kuros na gaba in ya gaji ya tsinke a guje, kan farfela ƙasa yake faɗuwa ya caki kwalta, shi ya sa hukumar tseren NHRA ta Amurka ke tilasta wa motoci masu sauri su sa zoben ƙarfe da zai tare ta kusa da kuros na gaba. Sabon sifirin kuma yakan ɗan zauna bayan makonnin farko, lanƙwasassun kusoshin da ke rungume aksul su saki, don haka bayan 'yan ɗaruruwan kilomita sai a koma kan rami, a ƙara ɗaure su, a sake ɗora ma'auni a wuraren nan uku.